Tamfol Ɗin Jirgi: Yadda Za Mu Kula da Shi Kafin Damina Ta Kankama



Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin ruwan Yeji ranar kasuwa ya ga yadda jirage suke isowa daga ƙauyukan masunta, cike da kwandunan kifi banda da buhunan gawayi da doya da masara, su koma da gishiri da siminti da sukari da man inji. Haka abin yake a Makango da Buipe da Dambai da Kete Krachi. Da yawa daga cikinmu a nan abincinmu yake. Wani mai jirgi ne, wani matuƙi, wani yaron jirgi, wani ɗan dako, ga kuma iyayenmu mata waɗanda jarinsu kaf yana cikin kwandon kifi. In hadari ya taso a tsakiyar ruwa, babu abin da ya raba wannan dukiya da ruwan sama sai tamfol guda ɗaya.

Tun da aka gama madatsar ruwa ta Akosombo a 1965, kogin Volta ya cika ya zama tafki mai faɗin kusan murabba'in kilomita 8,500. Wuraren da kakanninmu fatake suka ratsa da ƙafa a kan hanyarsu ta zuwa Salaga, yau wasu sai da jirgi ake ƙetare su, kuma tafiya takan ɗauki sa'o'i ba inuwa ba mafaka. Shi ya sa maganar tamfol ba ƙaramar magana ba ce a wurinmu. Mun sha ganin an kawo ƙara gaban manya saboda kifi ya jiƙe ya yi fumfuna, ko siminti ya daskare a buhu. Mai kaya ta ce laifin mai jirgi ne, mai jirgi ya ce ruwan sama ba shi ya kira shi ba. In aka bi diddigi, sau da yawa sai a tarar wata 'yar huda ce da ba ta fi kan yatsa ba, wadda aka gani tun da rani aka ce sai gobe.

Abin da muke so mu fahimtar da juna shi ne, tamfol ba ruwan sama ne yake kashe shi ba, don ai saboda ruwa aka yi shi. Abin da yake cinye shi shi ne naɗe shi da danshi, da barinsa a rana ba dalili, da gogar katako da ƙusa, da zubar man inji. Dukkansu kuwa a hannunmu suke.

Mu fara sanin irin wanda muke da shi

Tamfol iri uku ne muka fi gani a bakin ruwa, kuma kowane da irin kulawarsa.

Na farko shi ne mai sauƙin kuɗi, na leda saƙaƙƙiya, wanda ya fi zuwa da launin shuɗi. Ba shi da nauyi, ba ya shan ruwa, amma rana ce ajalinsa. In ya daɗe a rana sai launinsa ya koɗe, ya fara ƙara kamar takarda, ka shafa shi gari ya biyo hannunka. Da zarar ya kai nan, faci ba zai cece shi ba.

Na biyu shi ne mai kauri mai sulɓi, irin wanda manyan motoci suke rufe kaya da shi. Zare ne mai ƙarfi aka shafe shi da roba ciki da waje. Ya fi kowane jurewa kuma yana karɓar faci sosai, sai dai ba ya shiri da fetur, kuma in ana ninke shi kullum a layi ɗaya, robar takan tsage a wurin.

Na uku shi ne na yadin auduga mai kauri, irin na tantin sojoji na da. Shi yana barin iska ta ratsa, don haka kaya ba sa gumi a ƙarƙashinsa. In ruwa ya taɓa shi zaren yakan kumbura ya toshe ƙofofin saƙar, ga kuma maganin da aka shafa masa tun daga masana'anta. Matsalarsa fumfuna da gara. In aka naɗe shi da danshi, cikin 'yan kwanaki zai yi baƙaƙen ɗigo, daga nan zaren ya ruɓe.

Wanki

Tamfol ɗin da ya rufe kifi yana ɗauke da maiƙo da ɓarɓashi da ƙarni. Wannan dattin shi ne abincin fumfuna, shi ne kuma yake kiran ɓera. Ko tamfol na roba, wanda fumfuna ba ta cin jikinsa, takan zauna a kan dattin da ya manne masa. Saboda haka bayan kowace tafiya a kakkaɓe shi, a watsa masa ruwa mai tsabta. Wankin sosai kuma a yi shi aƙalla sau ɗaya a wata lokacin damina.

A shimfiɗa shi a wuri mai laushi wanda babu tsakuwa mai kaifi ko ƙaya. A yi amfani da sabulun sanda, da soso ko buroshi mai taushi, a wanke ciki da waje, a ɗauraye har sai santsin sabulu ya fita. Garin sabulu mai ƙarfi yana wanke maganin da yake hana yadin auduga shan ruwa, don haka a nisanta shi da shi. Ruwan bilic yana cin zaren auduga da zaren ɗinki. Buroshin waya kuma yana kankare robar. Mafi muni shi ne abin da wasu yaran jirgi suke yi, wato goge tabo da fetur ko kananzir. Tabon zai fita, amma wurin zai bushe ya yi tauri, wata rana ya tsage.

In fumfuna ta riga ta kama, a bar tamfol ɗin ya bushe tukuna, a goge ta da buroshi a fili inda iska take kaɗawa, mutum ya rufe hancinsa da ƙyalle, sannan a wanke da sabulu a shanya. Kuma a yi wankin a tudu, nesa da inda mata suke ɗiban ruwan sha.

Shanya da ajiya

In da abu ɗaya za mu riƙe daga wannan bayani, to shi ne kada a naɗe tamfol da danshi. Mun san halin da ake ciki: jirgi ya iso da magariba, kowa ya gaji, sai a dunƙule shi a cusa a ƙarƙashin benci inda ruwa yake kwanciya. In dole ta sa aka naɗe shi a jiƙe, to da gari ya waye a warware shi. A rataye shi a kan igiya ko gora yadda iska za ta shiga ta kowane gefe, a juya shi. A taɓa bakinsa da wuraren ɗinki, domin nan ne ruwa yake ɓuya bayan tsakiya ta bushe.

Da ya bushe a ɗauke shi. Shanya ta kwana uku ba ƙarin tsabta ba ce, ƙarin cin rana ce.

Wajen ajiya, naɗi irin na tabarma ya fi ninki. In an samu doguwar gora ko bututun roba, a naɗe shi a jiki. In ba makawa sai an ninke, a riƙa sauya layin ninkin. A ɗora shi a kan katako ko a rataye shi, kada ya kwanta a ƙasa inda gara da sanyin ƙasa za su same shi. Kada a ajiye shi ɗaki ɗaya da kifi ko masara, don ɓeran da ya zo cin hatsi a cikin naɗin tamfol yake yin gida. Kada kuma a ɗora masa jarkar mai, ko anga, ko batir.

Yadda ake ɗaura shi a jirgi

Kafin a shimfiɗa tamfol, a bi gefen jirgi da hannu. Duk kan ƙusar da ya fito a buge shi, duk tsinin katako a goge shi. Inda tamfol zai hau kusurwa mai kaifi, kamar bakin akwati ko ƙarshen benci, a sa tsohon buhu ko guntun taya a tsakani. Jirgi yana tafiya yana jijjiga, kuma abin da ya taɓa tamfol sau ɗaya a kwata zai goge shi sau dubbai kafin a isa.

Abu na biyu, a yi masa doro. A gitta gora a tsawon kayan, ko a tsara kayan yadda tsakiya za ta fi gefe tudu, kamar jinkar ɗaki, don ruwa ya gangara ya zuba a wajen jirgi. Tamfol ɗin da aka shimfiɗa a kwance yakan yi kwari ya tara ruwa. Mu yi lissafi: lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. In ruwa ya taru a wuri mai faɗin mita ɗaya da tsawon mita ɗaya, zurfinsa santimita 10, to lita 100 ke nan, wato kilo 100, nauyin buhun siminti biyu. Wannan nauyi yana buɗe ɗinki, yana tsinke idanun tamfol. Abin da ya fi haka haɗari, nauyi ne da yake zaune a saman kaya, kuma yana gudu zuwa duk gefen da jirgi ya karkata. Jirgin da aka riga aka cika maƙil ba ya buƙatar irin wannan baƙo.

Abu na uku, ɗauri. A ja shi ya miƙe, amma ba kamar fatar ganga ba. A yi amfani da dukkan idanun da suke bakinsa, kada a bar nauyin ga kusurwa huɗu kawai. Robar tsohon tiyub da aka yanka siriri tana da amfani a nan, don in iska ta fizga takan ba da kai kaɗan, ba kamar busasshiyar igiya ba wadda take tsinke ido. Duk gefen da aka bari yana kaɗawa, iska za ta yi ta bugunsa har ya zare. Kada kuma a bar bakin tamfol ko jelar igiya tana jan ruwa, musamman ta baya kusa da farfelar inji.

Kifi banda yana da nasa sharaɗi. In an rufe shi ruf da tamfol na roba cikin zafin rana, gumi yakan taru a ciki ya ɗiga a kan kifin, ya jiƙa shi ba tare da an yi ruwan sama ba. A bar tazara tsakanin kwanduna da tamfol, a ɗage gaba da baya kaɗan iska ta ratsa muddin sama tana garau. In hadari ya haɗu sai a sauke.

Maganar rai

A nan muke roƙon matuƙa da masu jirage su saurara da kyau. Tamfol ɗin da yake ceton kaya yana iya zama sanadin asarar rai in ba a yi hattara ba.

Farkon damina, daga wajen Maris zuwa Mayu, iska takan taso a tafkin nan ba sallama. Tamfol ɗin da aka ɗaga sama a matsayin rumfa yakan kama iska kamar filafilan jirgi, ya tura jirgin gefe. In an ga hadari ya yi baƙi, a sauke rumfa tun iska ba ta iso ba, a nufi gaɓa mafi kusa. Mun kuma san tafkin cike yake da kututturan itatuwan da ruwa ya shanye tun lokacin da aka yi madatsa. Matuƙi da mai duba hanya a gaba dole su riƙa gani sarai, kada tamfol ya tare musu ido.

Kada a taɓa rufe fasinja a ɗaure tamfol ta waje kamar yadda ake ɗaure kaya. In jirgi ya kife, wanda yake ƙarƙashin ɗaurarren tamfol ba shi da hanyar fita, ko da ya iya ruwa, ko da yana sanye da rigar ceto. In mutane za su fake daga ruwan sama, su riƙe tamfol ɗin da hannu, ko a yi ɗaurin zarge wanda ja ɗaya yake kwance shi, a bar gefe a buɗe. Yara da tsofaffi su zauna kusa da bakin. Yaron jirgi ya kasance da wuƙa mai kaifi a inda hannunsa zai kai nan take. Igiya da tamfol ana sayen wasu.

Haka nan jarkokin man firimis da ake zuba wa inji kada su shiga ƙarƙashin rufi ɗaya da mutane ko abinci. Tururin fetur yana taruwa a rufaffen wuri, ƙyastu ɗaya na ashana ko guntun sigari ya isa. Hayaƙin inji ma in ya taru a ƙarƙashin rufi yana sa ciwon kai da jiri, yana iya sumar da mutum. Shi kansa injin, in za a rufe shi bayan an iso, a bari ya huce tukuna.

Faci tun huda tana ƙarama

Hanya mafi sauƙi ta gano huda ita ce mutum biyu su ɗaga tamfol da rana, ɗaya ya shiga ƙarƙashi ya duba sama. Duk inda haske ya ratso a zagaye shi da alli. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga, kuma hudar da ta yi kamar ƙwayar masara yau, iska ɗaya za ta mai da ita taku guda.

Ga tamfol mai roba, a wanke wurin a bar shi ya bushe sarai. A yanko faci daga irin tamfol ɗin, ya zarce hudar da kamar santimita 5 ta kowane gefe, a kuma zagaye kusurwoyinsa da almakashi, don faci mai kusurwa daga kusurwar yake fara ɓarewa. A shafa gam ɗin da aka yi don irin wannan roba a jikin facin da jikin tamfol, a jira ya sha iska har ya yi danƙo, a manna, a murza da kwalba daga tsakiya zuwa baki, a ɗora abu mai nauyi ya kwana. In yagewar babba ce a yi faci ciki da waje. Masu ɗinkin tamfol na manyan motoci a tasha sun san wannan aiki, kuma kuɗin da za su karɓa bai kai na kwandon kifi ɗaya ba.

Ga na yadin auduga, ɗinki ne magani. A samu basilla da zare mai ƙarfi na roba, a goga wa zaren kakin zuma, a lanƙwasa bakin facin ciki, a yi ɗinki layi biyu, sannan a shafa kaki a kan ɗinkin don ya toshe ramukan allura. Masu gyaran takalma suna da kayan wannan aiki. In an lura yadin ya fara shan ruwa maimakon ruwan ya gangara, lokacin sake shafa masa maganin hana ruwa ya yi. Kada a shafa masa baƙin man inji kamar yadda wasu suke yi. Yana ɓata kaya, yana sa wa kifi wari, yana kama wuta, yana kuma gurɓata ruwan da muke sha.

Na leda kuwa, ana iya manna masa faci ya kai ka gida, amma ba abin dogaro ba ne. In ya fara gari a sauke shi daga aikin jirgi, a mai da shi shimfiɗar shanya.

In ido ya tsinke ana tsakiyar tafiya, ga dabara: a samu ɗan dutse mai sulɓi kamar girman ƙwan zabuwa, a sa shi ta ciki kusa da bakin tamfol, a tattaro tamfol ɗin a kansa, a ɗaure wuyan da igiya. Zai riƙe har a isa, wani lokaci ma ya fi idon ƙarfi. In an sauka sai a kai a sa sabon ido, a ƙara masa ƙyalle mai kauri a ƙarƙashi.

Jirgin da aka ja tudu

Wanda zai ajiye jirgi ko kwalekwale na wani lokaci, shi ma yana buƙatar rufi, amma ba rufin ruf ba. Da hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, busasshiyar iska da rana suna sa katako ya tsuke, haɗin allunan ya buɗe. Da damina kuma ruwan da ya kwanta a cikin jirgi yana ruɓar da shi. A kwashe ruwan ciki, a ɗora jirgin a kan gungume, a yi wa tamfol doro da gora yadda ba zai kwanta a jikin katako ba, a bar gaba da baya a buɗe. A riƙa leƙawa duk mako, musamman bayan an yi ruwa. Ƙurar hunturu ma a riƙa kakkaɓe ta, don in raɓa ta sauka a kanta takan zama laka mai riƙe danshi.

Aikin wa ke nan?

Yawancin tamfol yana lalacewa ne don ba a damƙa shi a hannun kowa ba. Mai jirgi yana ganin aikin yara ne, yara suna ganin ba kuɗinsu ba ne. Shawararmu ga iyayenmu masu jirage, a ware yaro ɗaya a ce tamfol amanarsa ce, a nuna masa yadda ake yi, a ajiye masa gam da basilla da zare da guntayen faci a cikin jirgi. In ya zo ya ce akwai huda, kada a yi masa tsawa, a ba shi kuɗin gyara. Yaron da aka zaga don ya faɗi gaskiya, gobe ɓoyewa zai yi.

Samari kuma, wannan sana'a ce a gabanmu. Wanda ya iya facin tamfol da sa ido da ɗinki mai kyau ba zai rasa aiki a bakin ruwa ba, ga kuma masu motoci da masu rumfunan biki da na kasuwa.

Iyayenmu mata masu kaya, ku ma kuna da haƙƙin dubawa. Kafin a loda kayanku, ku ce a buɗe tamfol ku gani. Ba rashin kunya ba ne, ba kuma zargi ba ne. Gara a yi maganar a kwata da a yi ta a gaban Sarkin Zango bayan jari ya narke.

Kafin ruwan farko ya sauka, muna kira ga kowane mai jirgi ya ware yini ɗaya: a fito da tamfol, a wanke, a shanya, a ɗaga shi a rana a nemi huda, a yi faci, a sauya ruɓaɓɓun igiyoyi, a bi gefen jirgi a buge ƙusoshi. Wanda ya gama nasa ya taya maƙwabcinsa riƙe gefe, don aikin ba na mutum ɗaya ba ne.

Allah ya kiyaye hanya, ya kai kowa gida lafiya da kayansa.